Aiki a Jirgin Ruwan Yawon Buɗe Ido: Daɗinsa da Wahalarsa



A kwanakin nan wasu bidiyoyi suna yawo a wayoyin yayyenmu. Za ka ga saurayi sanye da fararen kaya yana tsaye a saman wani ƙaton jirgin ruwa, teku shuɗi a bayansa, yana cewa albashinsu da dala ne, abinci kyauta, yau suna Italiya gobe suna Sifen. Da yawa daga cikinmu in muka gani sai mu ce ina ma mu ne. Shi ya sa mu 'yan ƙungiyar 'yan jarida muka ga ya dace mu yi bayani a kan wannan aiki, mu kawo daɗinsa da wahalarsa, domin wanda ke sha'awarsa ya san abin da zai tarar. Abin da muka fahimta a taƙaice shi ne, wannan aiki ci-rani ne irin wanda muka sani, sai dai a kan ruwa ake yinsa, kuma wanda ya tafi ba ya iya dawowa gida ranar da ya ga dama.

Wane irin jirgi ne wannan?

Mu a nan Gaya da Ajingi, jirgin ruwan da muka fi sani shi ne kwalekwalen da ke kogin Wudil. Teku kuwa yana da nisa da mu, don daga Kano zuwa Legas tafiya ce ta kimanin kilomita 1,000. Amma kakanninmu sun san teku. Alhazan da suka tafi Makka a ƙasa ta Chadi da Sudan sai da suka hau jirgin ruwa suka ƙetare Bahar Maliya zuwa Jidda. Shi ma Alhassan Ɗantata yana cikin 'yan kasuwar da suka riƙa ɗauko goro daga ƙasar da yanzu ake kira Gana ta jirgin ruwa zuwa Legas.

Waɗancan jirage na kai mutane ko kaya ne daga wani wuri zuwa wani. Jirgin yawon buɗe ido kuwa daban yake. Masu kuɗi ne ke biya su shiga don hutawa. Jirgin zai tashi daga wata tasha, kamar Mayami a Amurka ko Basalona a Sifen, ya yi kwana bakwai ko fiye yana zagayawa, yana tsayawa a garuruwan bakin teku fasinjoji su sauka su yi kallo, daga ƙarshe ya dawo da su inda ya ɗauke su.

Bari mu ba da misali da ɗaya daga cikin mafiya girma a duniya, wato Icon of the Seas na kamfanin Royal Caribbean, wanda ya fara ɗaukar fasinjoji daga Mayami a watan Janairun 2024. Tsawonsa kimanin mita 365 ne, wato ya zarce filin ƙwallo uku in aka jera su. Yana da hawa 20. Yana iya ɗaukar fasinjoji har 7,600, ga ma'aikata kimanin 2,350. In aka haɗa, mutane kusan 10,000 ke nan a cikin jirgi ɗaya. A ciki akwai ɗakunan kwana, da wuraren cin abinci, da kantuna, da wuraren iyo, da asibiti. Gari ne guda yake tafiya a kan ruwa.

Su wane ne ma'aikatan?

Ma'aikatan jirgi sun kasu gida uku. Kashi na farko su ne masu tuƙi, wato kyaftin da mataimakansa, su ne ke duba taswira da na'urori suna lura da hanya dare da rana. Kashi na biyu su ne injiniyoyi da makanikai da masu gyaran lantarki. Su ne ke kula da injin, da wuta, da na'urar da ke tace ruwan teku mai gishiri ya zama ruwan sha. Kashi na uku, wanda ya fi kowanne yawa, su ne ma'aikatan ɓangaren otal: kuku-kuku, da masu wanke-wanke, da masu kai abinci tebur, da masu gyaran ɗaki, da masu wanki da guga, da masu shara, da masu gadi, da masu ɗaukar hoto, da masu kula da yara. Akwai kuma likitoci da ma'aikatan jinya.

Yawancin masu ƙananan ayyukan nan daga ƙasashe masu tasowa suke fitowa, musamman Filifin da Indonesiya da Indiya. Akwai kuma 'yan Afirka, kamar 'yan Afirka ta Kudu da Kenya. Saboda haka in ɗan Najeriya ya nemi wannan aiki ba tare da ya karanci tuƙi ko injiniya ba, mafi yawan lokaci a kashi na ukun nan zai samu kansa.

Abin da ke jan hankalin mutane

Abu na farko shi ne kuɗi. Albashin da dalar Amurka ko yuro ake biya. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta tsayar da mafi ƙarancin albashin ƙwararren ma'aikacin jirgin ruwa a kan dala 673 a wata a shekarar 2025. Ma'aikatan ɓangaren otal kuwa kowane kamfani da tsarinsa, kuma wasunsu, kamar masu kai abinci da masu gyaran ɗaki, babban kason abin da suke samu daga tukuicin fasinjoji yake fitowa. In aka canza irin wannan kuɗi zuwa naira, ya fi abin da ma'aikata da yawa ke ɗauka a nan gida.

Abu na biyu shi ne ba a kashe kuɗi sosai. Ɗan ci-ranin da ya je Legas ko Fatakwal sai ya biya kuɗin ɗaki, ya sayi abinci, ya biya kuɗin mota. Ma'aikacin jirgi kuwa kamfani ne ke ba shi wurin kwana da abinci, kuma in ya yi rashin lafiya a kan aiki a duba shi kyauta. Wannan ne ke sa mai tattali ya iya tara abin kirki, ya turo wa iyayensa, ya biya wa ƙannensa kuɗin makaranta, ko ya dawo da jari.

Abu na uku shi ne ganin duniya. Hausawa na cewa tafiya mabuɗin ilimi. A kwantiragi ɗaya mutum zai iya taka ƙasashen da bai taɓa jin sunansu ba sai a darasin labarin ƙasa. Zai zauna da mutane daga ƙasashe masu yawa, Turancinsa ya goge, ya tsinci wasu harsunan.

Abu na huɗu shi ne sana'a. Wanda ya yi shekaru yana dafa abinci ga dubban mutane, ko yana gyaran manyan injina, in ya dawo gida zai iya samun aiki a babban otal ko masana'anta, ko ya buɗe tasa harkar.

Wahalar da bidiyo ba ya nunawa

Fasinja yana hutawa ne saboda akwai wanda ba ya hutawa. A jirgi ba Asabar ba Lahadi, ba hutun Sallah. Yawancin ma'aikatan ɓangaren otal suna sa hannu a kwantiragin wata shida zuwa tara, kuma a duk tsawon lokacin kullum sai sun fito aiki. Akwai wata yarjejeniya ta duniya a kan haƙƙin ma'aikatan jiragen ruwa da aka yi a 2006, ta fara aiki a 2013, kuma Najeriya ta amince da ita. Ta ce dole a ba ma'aikaci hutun aƙalla awa 10 a cikin kowace awa 24, da awa 77 a cikin kwana bakwai. Mu yi lissafi. Mako ɗaya awa 168 ne. In aka cire 77, saura 91. Ke nan ana iya sa mutum aikin awa 91 a mako, wato awa 13 kullum, kuma ba a karya wannan doka ba. Ma'aikacin gwamnati da ke zuwa ofis daga Litinin zuwa Juma'a, awa 40 yake yi.

Wannan ne ma ya sa ganin duniyar da ake faɗa ba ya cika. Lokacin da jirgi ya tsaya a tasha fasinjoji suka fita yawo, lokacin ne ake gyara ɗakuna, a shigo da kayan abinci, a fitar da shara. Wani ma'aikacin zai samu awa biyu ko uku ya leƙa gari, wani kuwa barci ne ya fi masa, sai dai ya hango garin daga nesa.

Sai maganar wurin kwana. Ɗakunan ƙananan ma'aikata a can ƙasan jirgi suke, 'yan ƙanana, da gado mai hawa biyu, yawanci ba taga. Mutum biyu ko fiye ke zama a ciki, kuma ba kai ke zaɓen abokin zamanka ba. Wanda ya saba kwana a tsakar gida lokacin zafi yana shan iska, sai ya yi haƙuri sosai kafin ya saba. In teku ya yi fushi kuma jirgi ya riƙa tangaɗi, sabon shiga yakan yi fama da jiri da tashin zuciya, kuma duk da haka aiki na jiransa.

Abin da ya fi duka nauyi shi ne nisa da gida. Ɗan ci-ranin da ke Legas, in aka kira shi aka ce mahaifiyarsa ba lafiya, zai je tasha ya hau motar Kano, kashegari yana Gaya. Ma'aikacin jirgi kuwa wataƙila yana tsakiyar teku, sai jirgi ya kai tasha, sai kamfani ya ba shi izini, sai an samu tikitin jirgin sama. Za a yi suna ba shi, a yi biki ba shi, wani lokacin a yi jana'iza ba shi. Damina za ta zo ta wuce bai taya mahaifinsa noma ba. Ga shi kuma aikin na kwantiragi ne. In ya ƙare mutum ya dawo gida hutu, a kamfanoni da yawa ƙaramin ma'aikaci ba ya karɓar albashi har sai an sake kiransa.

Akwai kuma batun addini, wanda ya shafi yawancinmu. A mafi yawan waɗannan jirage ana sayar da giya, akwai gidan caca, kuma ana dafa naman alade. Wanda aka ɗauka aikin kai abinci ko wanke-wanke zai yi wuya ya kauce wa taɓa su. Alƙibla tana canzawa yayin da jirgi ke juyawa, lokutan salla suna canzawa daga ƙasa zuwa ƙasa, Juma'a kuwa sau da yawa a tsakiyar teku take riskar mutum. Azumi ma a bakin aiki ake yinsa. Musulmi da yawa, musamman 'yan Indonesiya, suna wannan aiki suna kuma riƙe da ibadarsu, amma sai da ƙoƙari. A watan Disambar 2024 Saudiyya ta fara gudanar da nata jirgin mai suna Aroya daga Jidda, wanda ba a sayar da giya a cikinsa. Irinsa dai ba su da yawa. Ya kamata mai neman aikin ya tambayi ɓangaren da za a sa shi tun kafin ya sa hannu.

Idan abu ya ɓaci a teku

Manyan jiragen yanzu ba su cika yin hatsari ba, amma in ya faru, ma'aikaci ne na ƙarshen fita, domin kowane ma'aikaci, har kuku da mai shara, yana da aikin da aka ba shi na ceton fasinjoji. Lokacin da Titanic ya nutse a 1912 mutane fiye da 1,500 suka rasu, kuma mafi yawan ma'aikatansa ba su tsira ba. Bayan shekara 100, a ranar 13 ga Janairun 2012, jirgin Costa Concordia ya daki dutse kusa da wani tsibiri a Italiya ya kife a gefe, mutum 32 suka rasu. Gawar ƙarshe da aka gano, a 2014, ta wani ɗan Indiya ce mai aikin kai abinci.

Cuta ma tana saurin yaɗuwa inda dubban mutane ke cunkushe. A watan Fabrairun 2020 aka killace jirgin Diamond Princess a tashar Yokohama ta Japan saboda korona, mutane fiye da 700 suka kamu. Fasinjoji suna kulle a ɗakunansu, ma'aikata kuwa suna ci gaba da dafa abinci suna kai musu. A shekarar, da ƙasashe suka rufe iyakokinsu, ma'aikatan jiragen ruwa iri-iri kimanin 400,000 suka maƙale a teku, kwantiraginsu ya ƙare amma ba hanyar komawa gida. Waɗanda ke gida kuma suka yi watanni ba aiki ba albashi.

Ta ina ake shiga?

Duk wanda zai yi aiki a jirgi sai ya mallaki fasfo, da littafin shaidar ma'aikacin jirgin ruwa, da takardar likita mai nuna yana da lafiya. Sai kuma ya yi kwas na kare kai, inda ake koyar da kashe gobara, da taimakon farko, da yadda ake sa rigar ceto a shiga kwalekwalen ceto. In jirgin na shiga Amurka ne, akwai biza ta musamman ta ma'aikatan jirgi. Yarjejeniyar 2006 ta hana ɗaukar wanda bai kai shekara 16 ba, kuma kamfanonin yawon buɗe ido sukan nemi mai shekara 18, wasu ma 21. Turanci kuwa wajibi ne, domin da shi ake ba da umarni, da shi ake magana da fasinja.

A Najeriya, hukumar NIMASA ce ke kula da harkar ma'aikatan jiragen ruwa da takardunsu, kuma tun 2008 take da shirin tura matasa ƙasashen waje su koyi aikin jirgi. Akwai Makarantar Koyon Aikin Jiragen Ruwa ta Najeriya da ke Oron a Jihar Akwa Ibom, wadda aka kafa a 1979, inda ake karanta tuƙin jirgi da injiniyancinsa. Akwai kuma jami'ar harkokin teku a Okerenkoko, Jihar Delta. Sai dai akwai matsala guda da ta daɗe tana damun ɗaliban wannan fanni. Kafin mutum ya samu cikakken lasisi, sai ya yi watanni yana koyon aiki a cikin jirgi a teku, kuma guraben ba su da yawa. Najeriya ta taɓa samun kamfanin jiragen ruwa na ƙasa da aka kafa a 1959, amma an rushe shi a 1995.

Hattara da 'yan damfara

Saboda mutane na ƙishirwar wannan aiki, 'yan damfara sun samu kasuwa. Za su sa talla a Facebook ko WhatsApp da hoton jirgi da tambarin kamfani, su ce a turo kuɗin fom ko kuɗin gurbi. Wani zai sayar da gona ko shanun huɗa ya tura, daga nan a daina ɗaukar wayarsa. Wani kuma a fitar da shi waje, ya tarar ba jirgi, a ƙwace fasfonsa a sa shi aikin bauta.

Ga abin da ya kamata kowa ya riƙe. Yarjejeniyar 2006 ta hana a karɓi kuɗi a hannun ma'aikacin jirgi don a sama masa aiki. Abin da zai iya biya da kansa shi ne kuɗin fasfonsa, da littafin shaidarsa, da takardar likita. Kuɗin biza ma a kan mai jirgi yake. Kuma kamfani na gaskiya sai ya yi wa mutum tambayoyi, ya ba shi kwantiragi a rubuce ya karanta kafin ya sa hannu. Duk wanda ya ce a biya shi ya ba da gurbi, ko ya ce ba sai an iya Turanci ba, ko ya ce a yi sauri kar a gaya wa kowa, to a guje shi. In ana zargin safarar mutane, hukumar NAPTIP ce ake kai wa ƙara. Muna roƙon 'yan'uwanmu ɗalibai su isar da wannan saƙo ga yayyensu da iyayensu a gida.

Mu kuma fa?

Mu da muke ƙaramar sakandare, da sauranmu kafin mu kai shekarun wannan aiki. Amma tun yanzu ake rabuwa. A jirgi ɗaya, injiniya da mai wanke-wanke duk teku ɗaya suke gani, amma injiniya ya fi albashi, ɗakinsa ya fi, kwantiraginsa kuma yawanci ya fi gajarta, ya fi yawan ganin iyalinsa. Abin da ya raba su shi ne karatu. Wanda ke son tuƙi ko injin jirgi, sai ya dage da Lissafi da Turanci da Kimiyya tun daga wannan aji, in ya shiga babbar sakandare ya ɗauki ɓangaren kimiyya. Ga jami'ar kimiyya da fasaha nan kusa da mu a Wudil, inda ake karanta injiniya. Wanda kuma ke son harkar amma ba ya son barin gida, akwai ayyukan da suka shafi jiragen ruwa a kan tudu, domin a Janairun 2023 aka buɗe tashar kwantena ta kan tudu ta Dala a Kano.

Mutanen Gaya ba baƙin tafiya ba ne. Ana ba da labarin cewa maƙera daga nan ne suka je Dala neman tama, har garin Kano ya kafu. Amma da sana'arsu a hannu suka tafi. Wanda zai shiga teku a cikinmu, ya tafi da tasa, da takardu na gaskiya, da yardar iyaye, kuma ya san wata nawa zai yi bai ga gida ba.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya sa wa neman kowa albarka. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.

Daga wakilin aji biyu na ƙaramar sakandare, Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta.